Kafin a Ɗora Alƙalami: Koya wa Yara Tsara Tarihin Marubuci

Duk malamin Hausa da ya taɓa ba 'yan aji shida na firamare, ko 'yan ƙaramar sakandare, aikin rubuta tarihin wani marubuci, ya san abin da zai tarar tun kafin ya buɗe littattafansu. An haifi wane a gari kaza, a shekara kaza. Ya yi karatun allo, ya shiga elementare, ya wuce midil. Ya riƙe muƙamai da dama. Ya rubuta littattafai masu yawa, sai a jero sunayensu a layi ɗaya. Allah Ya yi masa rasuwa, ya bar mata da 'ya'ya da jikoki. In ka cire sunan Abubakar Imam daga saman shafin ka sa na wani hakimi ko tsohon babban sakatare, da wuya ka gyara abin da ya wuce jimla ɗaya. Rubutun da ya sa aka san mutumin, wanda shi ne dalilin ba da aikin tun farko, shi ya fi samun ɗan ƙaramin wuri.

Sau da yawa malamai kan ce yaran ba su tsara aikinsu ba ne. Ni a ganina sun tsara, sai dai tsarin aro ne. Sun ji shi a sanarwar rasuwa ta rediyo, sun ji shi a taƙaitaccen tarihin da ake karantawa wajen naɗin sarauta ko walimar ritaya, har ya zauna musu a ka. Wancan tsari yana da amfaninsa a inda aka yi shi domin shi: yana gaya wa jama'a asalin mutum da matsayinsa da waɗanda za a je wa gaisuwa. Ba a yi shi don ya bayyana yadda malamin makaranta ɗan shekara ashirin da biyu ya zama marubuci ba. Abin da wannan maƙala ke son tabbatarwa shi ne, makomar irin wannan rubutu tana yankuwa ne tun kafin yaro ya rubuta jimlar farko, don haka darasin da ya fi cancanta a ba lokaci shi ne na tsarawa, kuma tsarin da zai yi amfani shi ne wanda aka ɗora a kan wata tambaya game da aikin marubucin.

Ba sai mun je nesa neman abin koyi ba. Malaman ƙasar nan sun daɗe suna rubuta tarihin masu ilimi da Larabci, a salon da ake kira tarjama, kuma abin da suke bi ya sha bamban da na sanarwar rasuwa. Sukan faɗi nasabar malami a taƙaice, sannan su tsaya a kan waɗanda ya yi karatu a wurinsu, da littattafan da ya karanta a gaban kowane, da waɗanda ya wallafa, da almajiran da ya yaye. Haka Ahmad Baba na Tumbuktu ya yi wa malaman Malikiyya, kuma Muhammadu Bello ya kawo irin waɗannan tarjamomi na malaman ƙasashen Sudan a cikin Infaƙul Maisuri. Abdullahi ɗan Fodiyo ya keɓe littafi guda, Ida'un Nusukhi, don ambaton malamansa da abin da ya ɗauka daga gare su. A Tazyinul Waraƙati kuwa, wanda ya kammala a 1813, ya tara waƙoƙinsa ne yana gabatar da kowace da bayanin halin da ake ciki lokacin da ya yi ta, ko tafiya ce, ko yaƙi, ko rashin wani malami ko aboki. Wato marubucin da kansa ya nuna cewa ba a raba waƙa da lokacinta. Malamin da ya gaya wa yara wannan, ko da a jimla uku ne, ya nuna musu cewa ɗora tarihin marubuci a kan karatunsa da rubutunsa ba baƙon abu ba ne a gidansu.

Hanyar da na ga ta fi saurin buɗe wa yara ido ba ta buƙatar komai sai allo da alli. Malam ya ja layi biyu dogaye, ɗaya a bisa ɗaya, daga wannan gefen allo zuwa wancan. Na sama na rayuwa ne, na ƙasa na rubutu. A ɗauki Abubakar Imam, tunda shi ne wanda kusan kowane yaro ya taɓa jin sunan littafinsa. A farkon layin sama a sa 1911, Kagara. A ƙarshensa 1981, Zariya. A tsakani a sa shigarsa Kwalejin Katsina a 1927, da fara koyarwarsa a Midil ta Katsina a 1932, da zamansa editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, da tafiyarsa Ingila a 1943, da aikin da ya yi daga baya a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa. Sai a sauko layin ƙasa. Gasar da Rupert East na Hukumar Talifi ta Zariya ya shirya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja; Magana Jari Ce, littafi uku, tsakanin 1937 da 1939; Tafiya Mabuɗin Ilmi a 1944; sannan littattafan tarihin Musulunci da na ilimin halittu irin su Ikon Allah da suka yi tare da East. Malam ya ajiye alli, ya ce wa yara su duba, kada ya ce komai.

Ba a daɗewa wani zai ɗaga hannu. Abin da ke kan allon a fili yake: mutumin ya rayu shekara saba'in, amma ƙagaggun labaran da suka ɗaukaka sunansa duk sun taru a wani ɗan tsukin da bai wuce faɗin tafin hannu ba, tsakanin 1933 da 1939, kafin ya cika shekara talatin. Daga nan tambayoyi ke fitowa da kansu. Me ya faru a 1933? Wa ya sa shi rubutu? Me ya sa da ya shiga aikin jarida alƙalaminsa ya juya wani wajen? Wani yaron zai lura cewa tafiyar 1943 a layin sama tana zaune daidai bisa littafin 1944 a layin ƙasa, ya gane da kansa cewa ɗayan ne ya haifi ɗayan. Idan malam ya ƙara musu cewa a cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar nan akwai Ganɗoki na Bello Kagara, wanda yayan Imam ne, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda shi ma Kwalejin Katsina ya yi, to wata tambayar ta sake buɗewa: wane irin gida ne da wace irin makaranta suka fitar da waɗannan mutane a lokaci guda? Kowane yaro, ko kowane rukunin yara, ya zaɓi tambaya ɗaya ya rubuta ta a saman takardarsa. Wannan tambayar ita ce tushen tsarin. Duk abin da zai taimaka wajen amsa ta ya shiga, abin da ba zai taimaka ba ya tsaya a waje ko a rage shi zuwa rabin jimla.

A nan ne ake samun gardama, kuma gardama ce mai daɗi. Wata yarinya da ta zaɓi tambayar yadda aka yi Magana Jari Ce ta duba takardarta ta ce, “Malam, to ina zan sa haihuwarsa?” Aka ce mata ta sa ta a jimlar farko ta wuce. Ta ce, “Ai kuwa bai kamata ba, Malam, mutum babba a ce haihuwarsa layi ɗaya?” A wurinta yawan layuka shi ne girmamawa. Sai da aka tambaye ta ko haihuwarsa ta bambanta da ta sauran yaran Kagara na wannan shekara, ta yi shiru, sannan ta ce a'a. Aka ce mata, to zaman da ya yi a Zariya a 1936, lokacin da aka ɗauko shi daga aji aka ba shi watanni ya zauna yana karatu yana rubutu, shi fa? Ta ce wannan kam shi kaɗai ne. Da hannunta ta ja layi ta ba zaman Zariya sakin layi biyu.

Abin da ta koya a nan shi ne rabon wuri, kuma shi ne ɓangaren tsarawa da aka fi yin sakaci da shi. Yaro yana ɗaukar cewa adalci shi ne a raba shafi daidai da shekaru. In ya yi wa Imam haka, shekarun Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce ba za su sami ko kashi ɗaya cikin goma na rubutun ba. Tela ba ya raba yadi daidai tsakanin wuya da jikin riga, kowane yana samun abin da aikinsa ke bukata. Saboda haka kada tsarin ya tsaya ga jerin kanun magana kawai. A gefen kowane kai yaro ya rubuta layi nawa zai ba shi. Idan shafi ɗaya aka ba shi, mai layi ashirin da biyar, to ya yanke tun yanzu cewa ƙuruciya uku ce, gasa biyar, zaman Zariya goma, da sauransu. Lissafin zai sauya in ya fara rubutu, ba komai. Amfaninsa shi ne ya tilasta masa ya ce wannan ya fi wancan muhimmanci, ya kuma iya kare abin da ya ce.

Sai dai duk wannan ba ya yiwuwa in yaro bai karanta komai daga aikin marubucin ba. Abin takaici ne yadda ake ba yara tarihin marubutan da ba su taɓa buɗe littafinsu ba, alhali littattafan Imam har gobe ana samun su a shagunan sayar da littattafai. Ba a ce su karanta duka ba. Labari biyu daga Magana Jari Ce, da buɗewar da ke gabatar da sarki da ɗansa Musa da waziri da akun nan mai bakin tsiya, sun isa. Yaron da ya karanta wannan yana da abin da zai sa a tsarinsa wanda ba daga bakin kowa ya ji ba. Shi ne kuma zai iya fuskantar maganar da masu nazari suka daɗe suna tattaunawa, wato cewa da yawa daga labaran nan Imam ya samo tushensu ne daga littattafan Larabawa da Indiyawa da Turawa da aka tara masa, kamar yadda inuwar Maƙamatul Hariri take a bayyane a cikin Ruwan Bagaja. Ranar da yara suka ji wannan, lalle wani zai ce, ashe sata ya yi. Kada malam ya tsawata masa, kada kuma ya ɓoye maganar don kare martabar marubuci. Ya mayar masa da tambayar: in labarin daga wata ƙasa ya zo, me ya sa da ka karanta shi ka ji kamar a fadar garinku aka yi shi? Wa ya sa masa dogarai da fadawa da alkali da irin wannan zancen? Amsar wannan ita ce ainihin gwanintar Imam, kuma sakin layin da zai fito daga gare ta ya fi jerin muƙamansa duka daraja.

Akwai masu cewa wannan ya yi wa yara nauyi, yaro ƙarami abin da ya iya shi ne bin abu daki-daki daga farko zuwa ƙarshe, kuma a bar shi ya ƙware a nan tukuna. Akwai gaskiya a maganar, kuma ban ce a rushe jerin lokaci ba. Yaron firamare zai ci gaba da farawa daga farko ya ƙare a ƙarshe. Tambayar ba ta sauya masa hanya, tana gaya masa ne inda zai tsaya ya daɗe da inda zai wuce da sauri. Ga 'yan aji huɗu ma ana iya sauƙaƙawa: a zaɓi littafi ɗaya, a raba takarda gida uku, kafin littafin, lokacin littafin, bayan littafin. Wata hujjar kuma ita ce jarrabawa shekaru da sunaye take tambaya. Haka ne, amma yaron da ya san dalilin da ya sa 1944 ta biyo bayan 1943 ya fi wanda ya haddace su a ware riƙe su.

Sai maganar inda ake samo bayani, wadda a yau ta koma maganar waya. Yaro ya karɓi wayar yayansa, ya buga sunan marubuci, ya kwafe abin da ya fara fitowa, ko daga Wikipedia ko daga wani shafin Facebook. Hana shi ba zai yi aiki ba. Abin da zai yi aiki shi ne a sa tantancewa ta zama wani ɓangare na tsarin. A gefen kowane bayani da ya sa a takardarsa ya rubuta inda ya same shi, ya kuma yi masa alama: wannan na gan shi a wuri biyu da ba su kwafi juna ba, wannan mutum ɗaya ne ya faɗa, wannan kuwa zatona ne. Misalin da nake son ba manyan yara shi ne na Nana Asma'u 'yar Shehu. Littafin da Jean Boyd ta fitar a kanta a 1989 ya sa shekarun rayuwarta 1793 zuwa 1865 a jikin sunansa. Tarin ayyukanta da Boyd ɗin ta fitar tare da Beverly Mack a 1997 ya sa 1864. Mai bincike ɗaya ce, ta kwashe shekaru a Sakkwato tana wannan aiki, amma ga bango biyu da shekara biyu. Yaro ya ga cewa saɓani ba kullum alamar ƙarya ba ne, ya kuma koyi cewa shekarar Hijira ɗaya tana ratsa shekarun Miladiyya biyu, abin da ke yawan jawo irin wannan in ana juya lissafi. Ko maganar marubuci a kan kansa ma shaida ce da ake aunawa. Tarihin da Imam ya bari na rayuwarsa, wanda Abdurrahman Mora ya shirya aka buga a 1989, taska ce babba, amma dattijo ne ke tuna ƙuruciyarsa, kuma kowa in yana ba da labarin kansa yana da abin da yake so a riƙe. Da yake littafin da Ingilishi yake, aikin malam ne ya tsamo wa yara abin da suke bukata.

Abin da ya fi wuyar tankwarawa shi ne yabo. Yaronmu ya tashi ne a inda ba a ambaton babba sai da alheri, balle wanda ya riga mu gidan gaskiya, kuma wannan tarbiyya ce da ba mai son a rasa ta. Amma tana sa tsarin yaro ya cika da kalmomi irin su gwarzo da haziƙi da fasihi, waɗanda ba su gaya wa mai karatu komai. Dokar da ta fi sauƙi ita ce, duk sifar da yaro ya sa a tsarinsa sai ya ajiye wani aiki a gefenta da zai tsaya mata. In ya ce mai tsayawa kan ra'ayinsa ne, to a ina? A tafiyar 1943, da editocin jaridun Afirka ta Yamma suka je Ingila, Nnamdi Azikiwe ya shirya wata takarda ta neman a sa lokacin mulkin kai, Imam bai sa mata hannu ba. Ɗalibin babbar sakandare zai iya sa wannan a tsarinsa, ya nemi dalilan da Imam ya bayar da abin da masu sukarsa suka ce, ya kawo duka biyun. Bai zagi kowa ba, kuma ya nuna mutum mai yanke shawara a cikin wani hali, maimakon gunkin da aka jera wa kirari.

Idan marubucin yana raye, tsarin yana samun wani aiki na daban, domin shi zai zama jerin tambayoyin da za a je da su. Kano da Kaduna da Katsina da Gusau cike suke da marubuta, kuma da yawansu ba za su ƙi zuwa aji ba in an gayyace su. A nan ɗora tsarin a kan rubutu yana kare yaro daga rashin kunya. Ba zai ce wa babbar mace, Hajiya, aurenki nawa, ba. Zai ce, Hajiya, wane littafi kika fara karantawa, wa ya buga miki na farko, ta yaya ya isa kasuwa? A ɗauki Balaraba Ramat Yakubu. Mai tsarin sanarwa zai cinye rabin shafinsa a kan cewa ƙanwar Janar Murtala Muhammed ce. Mai tambaya zai ga Budurwar Zuciya a 1987, da Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? a 1990, da fassarar Alhaki zuwa Ingilishi da aka buga a Indiya a 2012, ya tambayi yadda matar da aka cire daga makaranta aka aurar tana ƙarama, kamar yadda ita da kanta ta sha faɗa, ta koma neman ilimi har ta kai nan. Tarko ɗaya ne a wurin, kuma manya ma suna faɗa masa: ɗaukar tauraruwar labari a matsayin marubuciyar. Yaro yana iya rubuta cewa jigon Wa Zai Auri Jahila? ya yi kama da abin da ta fuskanta. Ba shi da ikon cewa abin da ya sami Abu, tauraruwar littafin, shi ya sami Balaraba.

Malamin da ke da aji cike maƙil zai ce yaushe zai duba duk wannan. Duba tsari ya fi duba insha'i sauri nesa ba kusa ba, domin rabin shafi ne, kuma da kallo ɗaya ake ganin ko akwai tambaya a sama da rabon layuka a gefe. In an ware wa tsarin makinsa na kansa, yara za su ɗauke shi da gaske. In ba a ware ba, za su rubuta insha'in tukuna sannan su ƙaga masa tsari daga baya don su faranta wa malam.

Layi biyun nan suna da iyakarsu, kuma gara malam ya san ta kafin yara su ci karo da ita. An yi su ne don marubucin zamanin ɗab'i, wanda kowane littafinsa ke da shekara a bayan bango. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, ya yi Imfiraji kashi-kashi cikin shekaru masu yawa, kuma waƙar ta karaɗe ƙasar Hausa a bakin masu rera ta a kasuwanni da ƙofofin gidaje ba tare da ta jira injin buga littafi ba. In yaro ya sa shekarar da aka buga ta a layin ƙasa, ya sa ta a inda ba nan rayuwarta ta fara ba. Waƙoƙin Nana Asma'u kuwa mata masu koyarwa da ake kira jaji ne suka riƙa ɗaukarsu a ka suna kai wa matan ƙauyuka ta hanyar ƙungiyar 'Yan Taru. Ga irin waɗannan, layin ƙasa sai ya koma na hanyar da aikin ya bi: wa ya rubuta shi a takarda, wa ya haddace, wa ya kai shi gaba, yaushe aka juya shi daga ajami zuwa boko. Shekarar ma sau da yawa tana nan a cikin waƙar, domin mawaƙan ajami sukan rufe da sunansu da ramzin shekarar da suka kammala, haruffan da kowane ke da adadinsa a lissafin abajada. Yawancin malaman boko ba su iya warware ramzi ba, amma a kusan kowace unguwa akwai malamin zaure da ya iya, kuma ana iya tura yara biyu su je su gaishe shi da baitin ƙarshe a rubuce.